Edward Bernays (1891–1995): Mutumin da Ya Mai da Jan Ra'ayin Jama'a Sana'a

Gabatarwa

Talla tsohuwar sana'a ce, kuma ba a san ta da ɓoye fuska ba. Mai talla yakan ɗauki hajarsa ya ɗaga murya ya yabe ta. Mai saye kuwa, da yake ya san da wa yake ciniki, yakan rage wani abu daga cikin yabon kafin ya sa hannu a aljihu. A farkon ƙarni na 20 aka yi wani mutum a ƙasar Amurka wanda ya lura cewa wannan ragi da mai saye yake yi shi ne babban cikas ga mai haja, ya kuwa ƙarar da rayuwarsa wajen neman hanyar kau da shi. Sunan wannan mutum Edward Louis Bernays. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin rayuwarsa, ta fito da dabarun da ya yi aiki da su, domin ɗalibin harshe, wanda aikinsa ke nan nazarin yadda ake sarrafa magana, ya shaida su duk inda ya gamu da su.

Asali da Ƙuruciya

An haifi Bernays a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya ran 22 ga Nuwamba, 1891, cikin wani gida na Yahudawa. Mahaifinsa Ely Bernays ɗan kasuwa ne mai cinikin hatsi. Mahaifiyarsa Anna kuwa ƙanwa ce ga Sigmund Freud, likitan nan da ya shahara wajen nazarin ɓoyayyun al'amuran zuciyar ɗan Adam. Daɗin daɗawa, Martha matar Freud 'yar'uwar Ely ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Watau dai Freud kawun Bernays ne, kuma mijin gwaggonsa. Wannan dangantaka ta zame masa abin tinƙaho har tsufansa, don da wuya ya zauna da manyan 'yan kasuwa bai ambace ta ba.

Cikin 1892 iyayensa suka ƙaura da shi zuwa New York, a can ya tashi. Mahaifinsa ya tura shi Jami'ar Cornell ya karanta ilmin aikin gona, ya gama cikin 1912. Amma zuciyarsa ba ta ga noma. Ba da jimawa ba ya shiga aikin editan wasu mujallu biyu na kiwon lafiya tare da wani abokinsa, a nan ne kuwa ya yi tuntuɓe da dabarar da ya ci abinci da ita har iyakar ransa.

Ga yadda abin ya faru. Cikin 1913 wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Richard Bennett ya so ya nuna wasan Damaged Goods, wanda Eugène Brieux, mutumin Faransa, ya rubuta. Wasan yana magana ne a kan ciwon tunjere, a wannan zamani kuwa ambaton irin wannan ciwo a bainar jama'a abin kunya ne, har ana tsoron hukuma za ta hana. Maimakon Bernays ya fita yana yabon wasan, sai ya kafa wani kwamiti da sunan mujallarsa, ya gayyato attajirai da likitoci da malaman coci, cikinsu har da John D. Rockefeller ƙarami, suka ba da sunayensu da gudummawarsu a kan cewa wannan aikin wayar da kai ne. Da mutane suka ga sunayen manya, sai abin kunya ya koma abin neman yabo, wasan ya samu karɓuwa ƙwarai. Daga nan Bernays ya gane gaskiyar abin da Hausawa kan ce, yabon kai jahilci: maganar da aka ƙi ji daga bakin mai haja, ana shanye ta in ta fito daga bakin wanda aka amince da shi.

Bayan wannan ya yi 'yan shekaru yana tallata 'yan wasa da mawaƙa a jaridu, cikinsu har da ƙungiyar 'yan rawar Rasha ta Diaghilev da mashahurin mawaƙin Italiya Enrico Caruso.

Makarantar Yaƙi

Cikin Afrilu 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, alhali kuwa da yawa daga cikin mutanenta ba sa son shiga rigimar Turai. Shugaba Woodrow Wilson ya kafa wani kwamitin watsa labarai a ƙarƙashin ɗan jarida George Creel, aka ɗora masa aikin juyo da zukatan jama'a. Kwamitin ya yi aiki da jaridu da hotunan bango da majigi, ya kuma baza masu jawabi wajen 75,000 waɗanda kan miƙe a gidajen silima da wuraren taro su yi magana ta minti huɗu kacal a kan wajabcin yaƙin. Bernays ya shiga wannan kwamiti cikin 1918, a sashen da ke aika labarai ƙasashen waje, musamman Kudancin Amurka. Da aka gama yaƙi ya bi ayarin 'yan kwamitin zuwa taron sulhu na birnin Paris cikin 1919.

Abin da ya gani ya tsaya masa a rai. In har ana iya sa al'umma guda ta yarda ta tura 'ya'yanta fagen fama ta hanyar tsararriyar magana, me zai hana a sa ta ta sayi sabulu ko taba ta wannan hanya? Sai dai kalmar farfaganda ta riga ta ɓaci. Asalinta ba mummuna ba ne, don ta samo tushe daga sunan wata majalisa da Fafaroma Gregory na 15 ya kafa cikin 1622 domin yaɗa addinin Katolika. Ƙarairayin da ɓangarorin biyu suka shara lokacin yaƙi su suka shafa mata baƙin jini. Saboda haka da Bernays ya buɗe ofishinsa a New York cikin 1919, bai daɗe ba ya raɗa wa kansa sabon suna, watau mai ba da shawara kan hulɗa da jama'a. Cikin 1922 ya auri abokiyar aikinsa Doris Fleischman, wadda ta zama mai rabin kamfanin, ita ce kuma ta rubuta da yawa daga cikin takardun da suka fita da sunansa.

Ra'ayinsa a kan Jama'a

Bernays bai tsaya ga aiki kaɗai ba, ya so a ɗauke shi masani. Shi ya yi ɗawainiyar buga fassarar laccocin kawunsa Freud a Amurka cikin 1920. Cikin 1923 ya wallafa littafinsa Crystallizing Public Opinion, a wannan shekara kuma ya koyar da darasin hulɗa da jama'a a Jami'ar New York. Cikin 1928 ya fitar da wani littafin mai suna Propaganda.

Tunaninsa ya ginu ne a kan rubuce-rubucen mutum huɗu. Daga Gustave Le Bon da Wilfred Trotter ya ɗauko cewa mutum in ya shiga cikin taro yakan bar hankalinsa ya bi na garke. Daga Walter Lippmann ya ɗauko cewa mutane ba sa ganin duniya yadda take, hoton da aka zana musu a ka suke gani. Daga Freud kuwa ya ɗauko cewa abin da mutum ya ce shi ne dalilin aikinsa sau da yawa ba shi ne dalilin gaskiya ba, akwai wata sha'awa ko wani tsoro da ke kwance a ƙarƙashi. Da ya haɗa waɗannan sai ya yanke hukunci cewa talakawa ba za su iya auna al'amuran zamani da kansu ba, don haka wajibi ne wasu 'yan tsiraru masu basira su riƙa tsara musu abin da za su so, ba tare da sun sani ba. Bai ɗauki wannan abin kunya ba. A ganinsa ma da haka ne mulkin dimokuraɗiyya zai zauna lafiya.

Dabarunsa Uku

In aka dubi ayyukansa gaba ɗaya, za a ga dabaru uku ne yake ta jujjuyawa.

Ta farko ita ce aron bakin amintacce. Kamfanin Beech-Nut mai sayar da naman alade ya kawo masa kukan rashin ciniki. Bernays ya sa wani likita ya rubuta wa likitoci dubbai yana tambayarsu ko karin kumallo mai nauyi ya fi marar nauyi amfani ga jiki. Mafi yawan waɗanda suka amsa suka ce ya fi. Sai aka aika wa jaridu da sakamakon a matsayin labarin kiwon lafiya, aka kawo naman alade da ƙwai a matsayin misalin irin wannan karin kumallo. Mai karatu ya lura, ba a tambayi likitocin komai game da naman ba, ba a kuma ambaci wanda ya biya kuɗin binciken ba. Kowace jimla gaskiya ce, amma abin da aka gina da su yaudara ne.

Ta biyu ita ce ƙirƙiro abin da zai zama labari. Shafin talla saye ake yi, mai karatu kuma ya san haka. Shafin labari kuwa kyauta ne, an kuma fi gaskata shi. Saboda haka Bernays yakan shirya biki ko gasa ko taro wanda dole 'yan jarida su zo su ɗauka. Domin sabulun Ivory na kamfanin Procter & Gamble ya shirya gasar sassaƙa sabulu tun daga 1924, yaran makaranta suka riƙa sassaƙa siffofi da shi, gasar ta yi fiye da shekara 30 ana yin ta. A wannan shekara ta 1924, da aka ga mutane suna ɗaukar Shugaba Calvin Coolidge mutum mai ɗaure fuska ga shi kuwa zaɓe ya matso, Bernays ya kwaso 'yan wasa da mawaƙa, cikinsu har da Al Jolson, suka je fadar shugaban suka karya kumallo tare da shi, jaridu suka buga. Cikin Oktoba 1929 kuma ya taimaka wajen shirya bikin cika shekara 50 da ƙirƙiro ƙwan lantarki na Thomas Edison, inda Shugaba Herbert Hoover da Henry Ford suka halarta, hukumar gidan waya ta buga kan sarki na musamman. Jama'a suka ɗauka girmama tsoho ake yi, alhali masu sayar da kayan lantarki su ne suka fi kowa cin riba.

Ta uku ita ce ɗaura haja a jikin wata sha'awa da ke cikin zuciya. A littafinsa na 1928 ya kawo misalin mai sayar da fiyano. Tsohon ɗan talla zai ce wa mutum ya zo ya saya. Sabon kuwa zai bi ta wajen masu zanen gidaje da masu ƙawata ɗakuna har ya zama kowane gidan mai hali yana da ɗakin kiɗa. In ɗakin ya samu, maigida da kansa zai je neman fiyano, yana tsammanin tunaninsa ne. Nan ne gaba ɗayan sirrin yake: a bar mutum ya ɗauka shi ya yanke shawara.

Taba da Mata

Babu inda waɗannan dabaru suka haɗu kamar a aikin da ya yi wa George Washington Hill, shugaban kamfanin American Tobacco mai yin sigarin Lucky Strike. A ƙarshen shekarun 1920 ana ƙyamar a ga mace tana shan taba a kan titi a Amurka, Hill kuwa ya ga rabin kasuwa ke nan a rufe. Da farko aka bi ta hanyar son siranta: aka nemo masu ɗaukar hoto da masu ɗinkin kayan ado da likitoci suka riƙa yabon siririn jiki da kushe kayan zaƙi, aka nuna sigari shi ne madadin alewa.

Sa'an nan Bernays ya nemi shawarar A. A. Brill, wani likita almajirin Freud, wanda ya bayyana masa cewa a idon mata da yawa sigari alama ce ta ikon da maza suka keɓe wa kansu. Ran 31 ga Maris, 1929, ranar bikin Ista, sa'ad da mutanen New York suka fito yawon nuna ado a titin Fifth Avenue, wasu 'yan mata kimanin goma da aka shirya tun da wuri suka kunna sigari suna tafe suna busawa. An riga an tsegunta wa 'yan jarida cewa masu neman 'yancin mata za su yi wani abu, an kuma laƙaba wa sigarin sunan fitilar 'yanci. Kashegari labari da hotuna suka bazu cikin jaridun ƙasar, aka yi ta muhawara. Ba a ji sunan Bernays ko na kamfanin ba ko sau ɗaya.

Cikin 1934 bincike ya nuna mata suna gudun kwalin Lucky Strike don korensa ba ya dacewa da tufafinsu. Hill ya ƙi sake launin kwali, sai Bernays ya ɗaura niyyar sake launin tufafin. Ya sa aka shirya wata ƙasaitacciyar liyafar taimakon mabukata a otal ɗin Waldorf-Astoria, inda aka nemi kowace mace ta zo cikin koriyar riga, ya kuma bi masu masaƙu da kantuna da mujallun ado har kore ya zama launin yayi a wannan shekara.

Masana tarihi sun nuna cewa shan tabar mata ya riga ya fara ƙaruwa tun kafin 1929, kuma Bernays gwani ne wajen kambama rawar da ya taka, don shi ne babban mai tallar kansa. Duk da haka akwai abin da ba ya wankuwa. Takardunsa da aka buɗe a Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka bayan mutuwarsa sun nuna cewa tun cikin shekarun 1930 yana da labarin rahotannin farko da ke danganta taba da ciwon daji. A gida yana fama da matarsa ta bar sha, a ofis yana neman hanyar da matan wasu za su fara.

Littafi a Hannun Maƙiyi

Cikin tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1965 mai suna Biography of an Idea, Bernays ya ba da labarin cewa a 1933 wani wakilin jarida mai suna Karl von Wiegand, wanda ya dawo daga Jamus, ya shaida masa cewa Joseph Goebbels, ministan farfagandar Hitler, yana amfani da littafinsa na 1923 wajen shirya gangamin ƙin jinin Yahudawa. Ya ce abin ya girgiza shi, amma ya kare kansa da cewa kowane irin ilmi ana iya juya shi ga sharri. A wannan shekarar aka ƙone littattafan Freud a Berlin. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, ƙannen mahaifiyar Bernays mata su huɗu sun halaka a sansanonin 'yan Nazi. Dabarar dai ba ta san mai ita ba, duk wanda ya ɗauke ta sai ta yi masa aiki.

Ayaba da Juyin Mulki

Aikin da ya fi kowanne nauyi a tarihinsa shi ne wanda ya yi wa kamfanin United Fruit mai cinikin ayaba, wanda ya ɗauke shi tun farkon shekarun 1940. A ƙasar Gwatemala da ke Amurka ta Tsakiya, wannan kamfani shi ne ya fi kowa mallakar ƙasar noma, yana kuma da iko a kan hanyar jirgin ƙasa da tashar jirgin ruwa ta Puerto Barrios, alhali mafi yawan filayensa a kwance suke ba a noma su. Cikin 1951 Jacobo Árbenz, wanda jama'a suka zaɓa, ya hau mulki. Cikin 1952 ya sa hannu a Doka mai lamba 900, wadda ta ba gwamnati ikon karɓar manyan filayen da ba a nomawa ta raba wa manoma marasa gona, ta biya diyya gwargwadon darajar da mai filin ya faɗa wa ofishin haraji. A kan kashin farko na filayen kamfanin, gwamnati ta yi tayin kimanin dala 600,000, gwamnatin Amurka kuwa ta nema wa kamfanin kusan dala miliyan 16.

Bernays ya san Ba'amurke ba zai damu da rigimar fili tsakanin kamfani da manoma ba, amma a wannan zamani na yaƙin cacar baka yana tsoron kwaminisanci ƙwarai. Saboda haka ya sake wa rigimar suna. Ya riƙa ciyar da manyan jaridu da rahotannin cewa Rasha tana kafa sansani a bakin ƙofar Amurka. Cikin 1952 ya kwashi editoci da wakilan jaridu ya kai su Gwatemala a kan kuɗin kamfanin, aka nuna musu abin da aka ga dama, aka haɗa su da waɗanda aka zaɓa, suka koma suka rubuta abin da suka ɗauka da idonsu suka gano. Gaskiya ne akwai 'yan kwaminis cikin masu ba Árbenz shawara, amma kujeru 4 kaɗai jam'iyyarsu take da su cikin 56 na majalisa.

Cikin Yuni 1954 Kanar Carlos Castillo Armas ya tsallako daga Honduras da mayaƙan da ba su kai 500 ba, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA tana ɗaure masa gindi da jiragen sama da wani gidan rediyo mai baza labarin cewa babbar runduna ce take tafe. Sojojin ƙasar suka karaya, Árbenz ya sauka ran 27 ga Yuni. Aka soke rabon filaye. Daga 1960 zuwa 1996 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa, wanda hukumar binciken da aka kafa da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cikin 1999 cewa ya ci mutum wajen 200,000, tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda suka ɓace. Ba za a ce Bernays ne ya yi juyin mulkin ba, don gwamnatin Shugaba Eisenhower tana da nata dalilai. Aikinsa shi ne share fage, yadda sa'ad da abin ya auku jama'ar Amurka suka karɓe shi a matsayin ceto.

Tsufa da Rasuwa

A farkon shekarun 1960 Bernays ya rufe ofishinsa na New York ya koma Cambridge a jihar Massachusetts. Bayan rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964, wanda ya tabbatar da cewa taba tana jawo ciwon dajin huhu, ya shiga sahun masu yaƙi da shan ta. Matarsa ta rasu cikin 1980, ta bar shi da 'ya'ya mata biyu. Ya ci gaba da ba da lacca da shawara har ya haura shekara 100, yana ta fafutukar a kafa dokar da za ta sa sai mai lasisi ne zai yi sana'ar hulɗa da jama'a, don a ganinsa 'yan damfara sun cika ta. Bai yi nasara ba. Cikin 1990 mujallar Life ta sa shi cikin Amurkawa 100 da suka fi tasiri a ƙarni na 20. Ya mutu ran 9 ga Maris, 1995, yana da shekara 103.

Kammalawa

Rayuwar Bernays zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Da dabarunsa an yaƙi jahilci game da cuta, da su kuma an yaɗa cuta. Abin da ya haɗa wasan kwaikwayon 1913 da juyin mulkin 1954 abu ɗaya ne, watau ɓoye mai magana na ainihi a bayan bakin da jama'a suka yarda da shi. Hanyoyin sadarwa sun sake tun bayan zamaninsa, daga jarida da rediyo zuwa talabijin da intanet, amma har yanzu ana aron bakin likita da malami da mawaƙi da ɗan wasa, ana kuma shirya taro don kawai ya zama labari. Ɗalibin harshe ya saba tambayar ma'anar magana da salonta. Tarihin wannan mutum yana ƙara masa wasu tambayoyi biyu da ya kamata ya riƙa yi kafin ya gaskata abin da ya ji ko ya karanta: wa ya ɗauki nauyin wannan magana, kuma me zai samu in aka yarda da ita?